Leƙa Ta Kawai Aka Yi

Ranar da aka dawo da Bahijja daga asibitin Kano, surukarta Inno ba ta bari ta gama zama a bakin gado ba ta ce ta ɗaga riga.

"Mu ga inda suka yanka."

Bahijja matar Ashiru ce, ɗa na biyu a gidan Baffa Daudu, a wani ƙauye bayan duwatsun Roni. Wani sa da suke turkawa don kasuwar Babbar Salla ne ya tunkuye ta tana zuba masa dusa, ya matse ta da katanga. Hantarta ta tsage, jini ya riƙa zuba a ciki. Daga asibitin Kazaure aka tura su Kano. A can wata likita mai suna Zulaikha ta yi mata irin aikin da ba a farka ciki: aka huda wuri uku, aka zura kyamara da wasu siraran ƙarafa, aka kwashe jinin da ya taru, aka toshe inda yake zuba.

Bahijja ta ɗaga rigar a hankali. Inno ta duƙa, ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta ce ta juya, ta duba gadon baya ko ta can suka bi. Abin da ta samu filasta uku ne, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasan haƙarƙarin dama, kowanne bai kai tafin jariri ba. Ta sa farce ta ɓamɓare gefen ɗaya ta ga abin da ke ƙasa.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan, Inno," in ji Ashiru daga bakin ƙofa. "Sabon aiki ne. Yanzu ba sai sun yanka ba. Huji suke yi, su sa na'ura su leƙa ciki, suna kallo a talabijin."

"Su leƙa."

"Eh, su leƙa, sannan su..."

Inno ta riga ta miƙe. Baffa Daudu yana tsaye a bayan zana, don suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, yaya aikin?"

"Babu wani aiki," in ji Inno. "Leƙa ta kawai aka yi."

Daga wannan rana kalmar ta zauna a gidan, ta ƙi tashi.

Dole a san cewa a gidan Baffa Daudu akwai ma'aunin aiki, kuma a jikin Inno yake. Tun Ashiru yana goye aka cire mata ƙari a ciki, aka bar mata tabo daga ƙahon zuciya har ƙasan cibiya, mai kauri, da sawun zare hagu da dama kamar bakin buhun gero. Damina biyu ta yi ba ta taɓa taɓarya ba. Tun daga lokacin babu bikin da za a watse ba ta ba da labarin ba, kuma ƙarin da aka cire yana girma duk shekara. Da fari kamar lemo yake. Yanzu ya kai kabewa.

Abin da Likita Zulaikha ta faɗa ranar sallama kuwa a fili yake. Ta ce kada ƙanƙantar hujin ta ruɗe su, waje ne ƙarami, ciwon da ke ciki babba ne, kuma hanta ba ta haɗewa da wuri. Ta ce har bayan Salla ba daka, ba jan ruwa, ba ɗaukar kaya, ba hawa babur a hanya mai gargada. In Bahijja ta ji jiri, ko kafaɗar dama ta riƙe, ko cikin ya tashi, a dawo da ita a ranar. Bahijja ta ji duka. Ashiru kuwa a daidai lokacin wani dillali ya kira shi kan maganar san, ya fita da waya a kunne. Abin da ya shigo da shi gida guda ɗaya ne: kada ta yi aiki mai nauyi.

Washegari mata suka fara zuwa dubiya. Kowacce da 'yar ledarta: lemo, ayaba, sabulu, wata da ƙwaryar nono. Sukan shigo da fuskar jaje, su zauna, su ce a nuna musu. In an nuna sai su dubi juna.

"Ikon Allah," in ji wata. "Ni ƙurjin da ya fito wa ɗana a cinya ya fi wannan."

Ya Kura, maƙwabciyarsu Babarbariya, wadda ita da Inno ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ta ce, "Ku dai Fulani ba ku iya godiya ba. An dawo muku da yarinya a ɗinke kamar sabuwa, kuna neman a farke ta."

"Rufe mana baki, baiwata," in ji Inno. "Tsagar da ke kumatunki ma ta fi aikin nan tsawo. Ke wa ya ba ki hutu da aka yi miki?"

Aka yi dariya. Bahijja ma ta yi, sai ta ji kamar an soka mata tsinke a ƙasan haƙarƙari, ta daina.

"In aiki kuke son gani," in ji Inno, "ku matso."

Ta kwance bakin zani. Mata suka juya mata gaba ɗaya, suka bar Bahijja da riga a ɗage. Aka yi ta salati, ana sannu Inno, kin ga rayuwa Inno. Da za su tafi, ledojin da suka shigo da su a gaban Inno suka ajiye. Da yamma Bahijja ta jiyo ta tana ɓare ayaba a ɗakinta.

Baffa Daudu mutum ne da ba ya yanke hukunci sai ya tambayi masana. Saboda haka ranar kasuwa ya tare Auwalu mahauci ya kawo shi zaure. Zauren yana jikin ɗakin Bahijja, duk abin da aka faɗa a kunnenta.

"Auwalu, kai ne ka san hanta. Tun kana yaro kake fiɗa. Ka taɓa kai hannu ga hantar dabba ba ka buɗe ciki ba?"

"Ban taɓa ba, Baffa."

"Ta huji kamar na maɓalli?"

"Ko yatsana ba zai shiga ba, balle wuƙa. Hanta tana can ƙarƙashin haƙarƙari a ɓoye. Sai ka ture tumbi, ka ture hanji."

"To ka ji. Su suka ce sun gyara ta ta cibiya."

Auwalu ba ya son ya ƙaryata likita, ba ya kuma son ya rasa cinikin san Baffa. Ya ce, "Wataƙila dai sun duba ne suka ga ba ta lalace sosai ba."

"Abin da na ce ke nan. Sun leƙa, sun ga lafiya lau, sun rufe. Don kada a ce ba su yi komai ba suka manna filasta."

Da Ashiru ya shigo, Bahijja ta ce, "Malam, likita fa ta nuna maka hoton. Ka ga jinin da suka zuƙe."

"Na gani."

"To ka faɗa wa Baffa mana."

"Ni in ce wa Baffa bai san hanta ba? Mutumin da ya yanka raguna fiye da gashin kaina?" Ya zauna yana cire takalmi. "Ki dai yi haƙuri. Ba wanda zai sa ki aiki mai nauyi. Ni na faɗa musu da bakina."

Gaskiya ne ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne wa zai auna nauyin. Inno ce ta ɗauki wannan aikin, kuma a ma'auninta ba a taɓa samun abu mai nauyi ba.

Da tsintsiya aka fara. Inno ta jingina ta a ƙofar ɗakin ta ce, "Wannan ko kaza ta ja ta." Bahijja ta share tsakar gida a duƙe, tana tsayawa tana dafa bango. Kwana kaɗan aka ce tuƙin tuwo a zaune ake yi, wanda yake zaune kuwa hutawa yake. Tuwon gidan na mutum goma sha ne, muciyar kamar itacen turke. Bayan tuwo sai surfe.

"Inno, likita ta ce ban da daka."

"Ashiru ya ce aiki mai nauyi. Ɗauki taɓaryar nan ki ji. Ɗagawa kawai za ki yi, saukowa ita take yi da kanta. Rabin aikin ma ba ke kike yi ba."

"In na ɗaga hannu nan wurin yana ja."

"Jinin da ya kwanta ne yake warwarewa. Ni da aka yi mini aikin gaske, da na samu mai ce mini in motsa da ban daɗe haka ba."

Wannan ƙarya ce, kuma duk gidan sun sani. Lokacin da aka yi wa Inno aiki ko kofin ruwa sai an miƙa mata.

Bahijja ba sakarya ba ce. Ta san abin da likita ta ce, tana kuma jin abin da jikinta yake ce mata. Amma an tashe ta a kan cewa matar ɗa ba ta musu da uwar miji, kuma 'yar Fulani ba ta raki. Tun tana ƙarama in ta faɗi aka ga hawaye, dariya ake yi mata a ce ba ta da fulako. Don haka sau ɗaya take faɗin abu, a hankali, kanta a ƙasa. In ba a ji ba sai ta ɗauki taɓarya.

Ranar da aka zo kan ruwa ma ta faɗa. Inno ta dube ta da mamaki na gaskiya.

"Ke 'yar nan, a ina ake ɗora tulu?"

"A ka."

"Hantar taki a ka take?"

Baffa yana alwala a gefe, ya ce, "Tsakanin kai da hanta akwai wuya, akwai ƙirji. Tafiya ce mai nisa." Ya ji daɗin maganarsa har ya maimaita ta a masallaci.

A wannan makon san ya fara ɗingishi. Baffa ya duba ya ce tun ranar da ya tunkuyi yarinyar ya gurɗe a ƙafar gaba, don ƙasar wurin akwai santsi. Aka kira mai duba dabbobi daga Kazaure, ya zo a babur ya yi masa allura, ya ce a bar shi ya huta, kada a riƙa kai shi rafi. Baffa ya bi wannan umarni kamar karatu. Aka yi wa sa rumfa. Aka ce daga yau a gida zai sha ruwa. Ruwan da sa yake sha a yini kuwa ba kaɗan ba ne, kuma rijiyar tana gangaren dutse. Ba sai an faɗi wanda aka ɗora wa jan gugan ba.

"Malam," in ji Bahijja, "shi an ce ya huta an bar shi. Ni ma fa an ce in huta."

"Shi ai ana ganin ɗingishinsa," in ji Ashiru. Ya ji maganar ba ta yi daɗi ba, ya gyara. "Ina nufin, shi dabba ne, ba ya iya faɗa."

"Ni ina iya faɗa."

"To ai shi ya sa. Ke in abin ya yi tsanani za ki faɗa."

Ya fita yana jin ya yi adalci.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Mutanen da suka gane cewa ƙafar sa tana bukatar hutu ba za su kasa gane na hantar mutum ba. Abin da ke ƙasa shi ne, in Bahijja ta kwanta, Inno ce za ta tashi. In Inno ta ƙi tashi, Ashiru ne zai ja guga, maza su gan shi. Kowa ya duba ya ga ya fi sauƙi a ce leƙawa aka yi.

Ana cikin haka aka haihu a gidan ƙanwar Inno a Gwiwa. Inno ta ce ƙafarta ba za ta iya hanyar ba, tun aikin da aka yi mata ba ta son girgiza. Bahijja ce za ta wakilce ta, ta kai ƙwaryar gero da turmin atamfa. Ashiru ya ɗauke ta a babur. Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai, kuma Ashiru irin matuƙan nan ne da suke ganin rami su ƙara wuta don a wuce shi da wuri. Kowane rami Bahijja sai ta cije leɓe. Da suka isa aka ce wadda aka yi wa aiki a Kano ta zo, a nuna musu. Ta nuna. Wata tsohuwa ta kawo fuskarta dab da cibiyar ta ce ita ba ta ga komai ba, a kai ta haske.

Bayan sun dawo kafaɗarta ta dama ta riƙe. Ciwo ne mai nauyi, kamar an ɗora mata dutse a wurin. Ta tuna maganar likita. Ta sami Inno tana tsince wake.

"Inno, kafaɗata. Likita ta ce in kafaɗar dama ta yi ciwo a koma."

Inno ta ajiye faifai. "Da a ciki take. Ranar ruwa ta koma ka. Yau kuma ta sauko kafaɗa. Wannan hanta taki yawo take yi?"

"Haka ta ce."

"Kwanciya ce ta yi miki yawa a gefe ɗaya. Kawo man zafi in murza miki."

Ta murza mata da ƙarfinta duka, tsakani da Allah, har tana haki. Sannan ta ce tunda an murza, a gwada hannun a turmi a gani ko ya saki.

Kwana biyu bayan haka jiri ya fara. In Bahijja ta miƙe sai garin ya juya. Zuciyarta tana tashi, ƙamshin daddawa ma ba ta so. Zaninta ya fara matse ta a ciki. Tafin hannunta ya yi fari kamar ta wanke shi da toka.

Ya Kura ce ta fara lura. Ta shigo aron rariya ta ga Bahijja zaune a gindin turmi ta haɗa kai da gwiwa. Ta ɗaga mata fuska, ta ja fatar idonta ƙasa.

"Inno, zo ki ga idon yarinyar nan. Babu jini ko ɗigo."

Inno ta zo ta duba. Ta tambayi jiri, aka ce akwai. Tashin zuciya, akwai. Ta sa hannu ta shafa cikin, ta ji ya tasa. Sai fuskarta ta washe. Ta ja da baya ta rangaɗa guɗa, har kaji suka watse.

"Ciki ne."

"Wane irin ciki?" in ji Ya Kura. "Yarinyar da aka sallamo daga asibiti jiya-jiya?"

"Ke me kika sani? Ku Barebari sai an haihu kuke gane mace tana da ciki. Jiri, amai, fari, ga ciki ya tasa. Me ya rage?"

"Inno, ba shi ba ne," in ji Bahijja. "Na san ba shi ba ne."

"Kunya ce. Na fari haka ake yi, a yi ta musu har a ji kukan jariri."

"Wallahi ku kai ta asibiti," in ji Ya Kura. Wannan karon ba wasa a muryarta. Amma ta shekara talatin tana tsokanar Inno, ranar da ta zo da gaskiya ba a bambance ba.

Labari ya kai zaure. Baffa ya ce ashe shi ya sa likitocin suka leƙa suka fasa, sun ga mutum a ciki. Ashiru ya shigo yana murmushi yana sosa ƙeya, ya sayo mata tsire. Ta ce masa, "Malam, ka kai ni Kano. Jini ne yake zuba." Ya ce in an sayar da sa ranar kasuwa mai zuwa za su je a yi awo gaba ɗaya, tafiya ɗaya ta biya biyu. Ya cinye tsiren da ta kasa ci.

Inno kuwa ta ce mai ciki ba ta zama, zama ne yake sa ɗa ya yi girman kai ya ƙi fitowa. Da safe ta miƙa mata guga.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da Bahijja ta isa rijiya. Ta zura guga, ta ji ya cika, ta ja. A ja na farko ta ji wani abu ya saki a ƙasan haƙarƙarinta, ba da zafi sosai ba, kamar an kwance ƙulli. Igiyar ta zame daga hannunta. Ta ga duwatsun Roni sun tashi sama, sun koma baƙi. Matan da ke wurin suka ce ba ta yi ko ƙara ba, ta dai zauna, sannan ta kwanta.

A-kori-kurar wani mai kai hatsi Kazaure aka tare. Daga Kazaure aka sa mata ruwa a hannu aka wuce da ita Kano. Likita Zulaikha ta gane ta tun a kan gadon turawa. Ta taɓa cikin, ta dubi Ashiru.

"Me ta ɗauka?"

"Ba ta yi aiki mai nauyi ba, likita."

"Me ta yi?"

"'Yar shara. Ɗan tuƙi. Daka kaɗan. Sai ruwa, shi kuma a ka ne."

Likitar ta juya ga Bahijja. Ba ta da lokacinsa. Ta ce a kai shi a ɗebi jininsa, in ya dace a ƙara wa matarsa. Ashiru ya tambaya ko allurar babba ce.

Wannan karon babu zancen huji. Tsagar hantar ta buɗe fiye da da, jini ya cika ciki, ba a tsaya neman kyamara ba. Aka farka ta daga ƙahon zuciya zuwa ƙasa, aka karkata yankan ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wani sashe na hantar ya lalace, aka yanke shi. Ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Salla ta zo ta wuce tana kwance da roba a hanci da roba a ciki. Da za a sallame ta, likitar ta ƙwace wayar Ashiru ta riƙe a hannunta har ta gama bayani. Ta ce hanta takan sake tofowa, amma cikin da aka farka haka ba ya komawa yadda yake, kuma Bahijja za ta daɗe kafin ta ɗauki ko da jarka.

Da aka dawo da ita gida, ta rame, tana tafiya a duƙe, Inno ta tare ta a tsakar gida, ta riƙe ta har ɗaki. Ta gyara mata matashi. Sannan ta tsaya tana murza hannu.

Bahijja ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ɗaga rigar.

Inno ta daɗe tana kallo. Ta kai hannu ta auna da taƙi, daga sama zuwa ƙasa, sannan ta bi karkatar. Ta juya baya ta kwance nata zanin, ta auna nata. Ta sake auna na Bahijja ko ta yi kuskure.

Baffa ya yi gyaran murya a bayan zana. "Taƙi nawa?"

"Ya fi nawa," in ji Inno, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce taƙi nawa?"

"Na ce ya fi nawa. Har da kwana."

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "To yanzu ne aka yi aiki."

Daga ranar Bahijja ta zama 'yar gata. Inno ta hana ta ɗaga ko ludayi. Aka yanka mata kaza. Aka ɗauko 'yar ƙanwar Inno daga Gwiwa ta riƙa daka, Ashiru ya sayi kura yana turo jarkoki daga rijiya, aka ga ashe duk abin nan mai yiwuwa ne, kuma ba wanda ya mutu don ya yi. Mata suka dawo dubiya, wannan karon ledojin a gaban Bahijja ake ajiyewa. Inno ce mai ɗaga rigar, ita ce mai bayani, tana nuna inda yankan ya yi kwana kamar gonar da ta saya.

Ashiru ya tsaya a bakin ƙofa wata rana da hantsi, ya dubi matarsa, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ni abin da ya ba ni haushi da likitocin nan," ya ce, "da tun farko haka suka yi miki, da duk ba mu sha wannan wahalar ba."

Inno tana zaune a gefen gado tana fifita mata kunu. Ta ce, "Ke ma dai da naki, 'yar nan. Kina jin ciwo haka, ki yi shiru? Me ya hana ki faɗa?"

Bahijja ta dube ta. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na faɗa, Inno. Ranar daka na faɗa. Ranar ruwa na faɗa. Na faɗa wa Malam ya kai ni Kano. Bakina ne ƙarami, kamar hujin. Sai da aka yi wa cikina baki sannan kuka ji."

Ashiru ya tuna yana da abin yi a waje. Inno ta ci gaba da fifita kunun da ya riga ya huce.

Likita ta yi iyakar ƙoƙarinta ta bar wa yarinyar nan jikinta a rufe, mutanen gidanta suka ƙi karɓa sai da aka buɗe shi. Ba duka suka yi mata ba, ba zagi. Tsintsiya suka miƙa mata, da muciya, da guga, kowanne da dalilinsa mai daɗin ji. Irin gidajen nan suna da yawa, inda ba a yarda mace tana ciwo sai an ga abin da za a auna da hannu, kuma ba a taɓa rasa wanda zai ce ai ba ta faɗa ba.

Can aka yi sallama a tsakar gida, wasu baƙi ne daga Babura suka zo dubiya. Inno ta ajiye kunun ta fita tarbarsu. Bahijja tana jin muryarta ta taga.

"Ku shigo ku ga aiki. Yarinyar nan akwai fulako. Hantarta tana zubar da jini tana jan ruwa, wallahi ko uffan ba ta ce mana ba."